Sha'aban da Igiyar Zanen Baya

Duk wanda ya san unguwar Sanyuanli ya san Sha'aban mai ɗaurin kaya. Ko bai san sunansa ba ya san gadon bayansa, domin kullum a sunkuye za ka tarar da shi, gwiwa ɗaya a kan dila, igiya a haƙori. Shekararsa arba'in da shida, goma sha biyu daga ciki a Guangzhou ya yi su. 'Yan Kantin Kwari da ke zuwa saro riguna a kasuwar Baima, in sun gama zagaye sun tara kaya, wurinsa suke kawowa ya matse, ya ɗinke, ya rubuta suna, ya miƙa wa masu kago. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya son mai yawan magana. Ranar Asabar ba a ganinsa a kasuwa, mutane suna zaton barci yake yi a ɗakinsa na Panyu, alhali kuwa ruwa yake tafiya.

Haifaffen Yauri ne, ɗan Sarkawa. Ubansa, Malam Alhasan, kwale-kwale gare shi, yana fiton mutane da buhunan albasa, kuma Sha'aban ya riƙe filafili tun bai yi famfara ba. A gidansu akwai ƙa'ida guda: ilimin ruwa ba a tallarsa. Mai so ya zo ya durƙusa ya tambaya, wanda bai tambaya ba a bar shi da ruwa ya koya masa. Da tsohon ya rasu sai jirgin ya faɗa hannun yayan Sha'aban, shi kuwa ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya yi Kano. Ya yi dako a Kwari, ya yi tsaron shago, har wani alhaji ya ga amanarsa ya turo shi Chana. Shekara ashirin ya yi bai taka jirgin ruwa ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa cewa abin yana damunsa ba.

Baba Liang wani tsoho ne da ke sayar da buhuna da salatif da igiya a lungun da Sha'aban ke aiki. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda Sha'aban ya ƙulla bakin wata dila, ƙullin nan da ba ya kwancewa komai ja, amma da ka taɓa jelarsa sai ya saki. Tsohon ya tsuguna ya kwance, ya sake ƙullawa da hannunsa, daidai wa daida. Suka dubi juna suka yi dariya. Asabar ɗin da ta biyo baya ya ɗauke shi a mota zuwa Nansha, can inda kogi ya buɗe baki yana shirin zama teku, ya nuna masa jirginsa.

Jirgin ba wani babba ba ne, tsawonsa bai wuce na motar bas ba. Jigo biyu gare shi, dogayen sandunan nan da ake ɗaga zanen iska a kansu. Ɗaya an kafa shi can a kan goshin jirgin, inda taki ɗaya ya rage mutum ya faɗa ruwa, ɗayan kuma wajen tsakiya, kusa da mai tuƙi. Sauran jiragen wurin duk an ɗaɗɗaure jigunansu da wayoyi ta ko'ina, na Baba Liang kuwa haka nan suke tsaye, ba waya ko guda. Masu manyan jirage suna yi masa tsiya, wai jirgin shan iska ne a tafki, ranar da teku ta yi fushi jigunan za su karye kamar kara. Tsohon ba ya musu da su. Gora yake nuna musu a bakin gaɓa, yadda take lanƙwasawa in iska ta taso, ta kuma miƙe in ta wuce.

Sha'aban ya ga gaskiyar tsohon da idonsa. In iska ta matsa, kawunan jigunan sai su rusuna su zubar da abin da ya yi yawa. Kuma da yake an raba zanen gida biyu, babu wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma jirgin yana da nasa aibin. Nauyin jigon gaba yana sa shi cusa hanci cikin raƙuman ruwa, kuma duk ranar da ya zama dole a rage zanen gaba, sai wani ya rarrafa ya je goshin, wuri mai tsini, mai santsi, ba abin kamawa.

Maganin wannan abu ɗaya ne. Mai tuƙi zai ja igiyar zanen baya ya tamke ta tamau a tsakiya, sannan ya saki ta gaba. Da an yi haka sai jirgin ya juyo da hancinsa ya fuskanci iska ya lafa, kamar agwagwa a kududdufi, na goshi ya yi aikinsa a tsanake. In kuwa mai tuƙi ya firgita ya saki igiyar baya, kamar yadda zuciya ke raya wa kowa in jirgi ya karkata, to hancin zai zame gefe, iska ta fizgi zanen gaba, sandar da ke riƙe da shi ta sharo duk abin da ke goshin ta watsa ruwa. Baba Liang bai gaya wa Sha'aban wannan da baki ba. Hannunsa ya kama ya ɗora a kan igiyar, a cikin hadari, sau uku, har jikinsa ya haddace.

To, da wane baki ma zai gaya masa? Sinancin Sha'aban na kasuwa ne: nawa, akwai, babu, rage, gobe. Shekara shida suka yi da tsohon a kan ruwa, hirarsu ba ta wuce nuni da gyaɗa kai ba. Tsohon yana kiransa A-Sha. In za su ci abinci kifi kawai yake saya saboda shi, in azahar ta yi ya tsayar da jirgin cak har ya sallame. Sha'aban ya ɗauki shirun nan a matsayin wata dukiya da su biyu kaɗai suka mallaka, kuma a ransa ya gama yanke hukunci cewa tsohon ba shi da kowa a duniya sai shi.

Sai ga Mahamadou. Abin haushin ma, Sha'aban ne ya jawo shi da hannunsa. Bayan sallar Juma'a suka haɗu, wani siririn mutumin Maraɗi mai tabarau, ɗan shekara talatin da uku, yana karatun digiri na uku kan ƙirar jiragen ruwa. Ya ce shekara biyar yana zana jirgi a kwamfuta, amma bai taɓa hawa mai zane ba. Ruwan da ya tashi ya sani shi ne gulbin garinsu, wanda rabin shekara yashi ne. Sha'aban ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce masa ya zo Asabar ya ga yadda maza ke yi. Burga ya so ya yi, ba wani abu ba.

Ranar farko Mahamadou ya yi amai har sau huɗu, Sha'aban ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Amma tsakanin amai da amai, bawan Allahn nan sai ya ɗago kai ya yi wa tsohon magana da Sinanci, Sinanci tiryan-tiryan ba gargada. Tsohon ya zaro ido, ya amsa, ya ƙara, ya ƙara. Kafin la'asar Baba Liang yana dariya har yana buga cinya. Sha'aban bai taɓa sanin tsohon yana da haƙorin azurfa a can ciki ba sai ran nan.

A jirgin ƙasa, suna komawa, Mahamadou ya ce, "Yaya, ashe sunan matar Baba ne a jikin jirgin. Allah sarki, shekara tara da rasuwarta. Ya ce ita ta zaɓi irin mai jigo biyun, don su iya tahiyar da shi su biyu ba sai da ƙarti ba."

Sha'aban ya ce, "Na sani."

Bai sani ba. Shekara shida yana wanke rubutun nan da soso duk Asabar, yana zaton ado ne. Wannan da ya zo jiya, da ragowar amai a gemu, shi aka buɗe wa ciki. A nan kishin ya fara, kuma kada a yi masa kwaskwarima a kira shi da wani suna, kishi ne tsagwaronsa. Maza ba sa son a ce suna yi, amma nasu ya fi daɗewa bai huce ba.

Mahamadou ya zama ɗan gida. Aman ya tsaya, hannunsa ya fara faɗawa. Ya zo da takardu yana nuna wa tsohon lissafin dalilin da ya sa jigon ke lanƙwasa bai karye ba, tsohon yana kaɗa kai kamar an yabi ɗansa. Shi kuwa Sha'aban yana gefe yana naɗe igiya, kunnensa a miƙe, yana tsintar kalma ɗaya cikin ashirin. In suka yi dariya sai ya tabbata da shi ake. Bai ji haushin tsohon ba ko kaɗan, zomo ai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ya laƙaba wa Mahamadou suna Dokta, yana jan sunan yadda kowa zai ji ba girmamawa ba ce. Mahamadou kuwa sai ya amsa da "Na'am, yaya," ya kawo masa dabino, ya tura shi gaba in za su yi salla. Wannan ladabin ya fi komai ƙona masa rai, domin mutumin da ba ya ba ka dalilin ƙinsa ya cuce ka.

Har matarsa Rekiya ta gane daga Kano. Wata rana a waya, bayan ya yi minti goma yana ba ta labarin yadda Dokta ke riƙe igiya kamar mai riƙe biro, ta ce, "Maigida, ni fa tunda muka yi aure ban taɓa jin ka yi kishina haka ba. Tsohon ɗan Chana ne ya samu wannan gata?"

Ya ce mata katin waya ya kusa ƙarewa.

Da sanyi ya fara ja baya, Baba Liang ya zaunar da su a bakin jirgi ya yi doguwar magana, kuma Mahamadou ne ya fassara. Gwiwoyinsa sun gama aiki. 'Yarsa da ke Chengdu ta matsa ya koma wurinta. Kafin lokacin guguwa ya shigo za su yi tafiya ɗaya zuwa tsibiran Wanshan, tafiyarsa ta ƙarshe, daga nan zai bar makullin jirgin a hannun ɗayansu, ya kula da shi, ya fita da shi yadda ya ga dama. Ya zaro makullan daga aljihu, guda biyu a jan zare, na ƙofar ɗaki da na inji, ya mayar.

A hannun ɗayansu. Sha'aban ya kwana uku yana tauna wannan kalma. Da bara ne, ai babu wani "ɗayansu."

Asabar ta gaba, Mahamadou ya tafi ɗebo ruwan sha, tsohon ya kamo hannun Sha'aban ya ɗora a kan igiyar zanen baya, ya nuna Mahamadou da haɓa, ya yi magana a hankali da 'yan kalmomin da ya san Sha'aban zai gane: kai, koya masa, kafin ruwan sama. Sha'aban ya ce, "Hao, laoban," wato to, maigida. Bayan mako biyu tsohon ya sake nuna igiyar ya ɗaga gira. Sha'aban ya gyaɗa kai.

Bai koya masa ba. Ya fake da ƙa'idar gidansu: mai so ya zo ya tambaya. In Dokta yana ganin takarda ta ishe shi, to ga shi ga takardar. Ya koya masa naɗin igiya, ya koya masa wanke bene, wato doron jirgin, ya nuna masa duk abin da yaro ma zai gane da kansa, ya ɓoye guda ɗayan. Abin da ya rage masa ke nan a duniya wanda Dokta bai sani ba, ya riƙe shi kamar tsohuwa da ƙullin bakin zane.

Shi kuma Mahamadou a nasu gidan an koya masa cewa ƙarami ba ya tsare babba da tambaya. Ka zauna kusa da shi, ka yi masa hidima, in ya ga ka isa zai ba ka. Shi ya sa yake ta kawo dabino yana raɓe-raɓe, yana jira. Wannan yana jira a roƙe shi, wancan yana jira a ba shi, damina kuwa ba ta jiran kowa. Kuma in za a faɗi gaskiya, Sha'aban ya san ma'anar dabinon sarai. Ya ci, ya tofar da ƙwallon, ya yi kamar bai gane ba.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen watan Afrilu ne, sun fita gwajin ƙarshe kafin tafiyar Wanshan. Gari ya yi luf, zafi mai ɗanko. Bayan sun yi azahar, Baba Liang ya tashi daga mazauninsa ya miƙa wa Mahamadou sandar tuƙi. Ba ɗan taɓawa ba irin na da, a'a, ya bar masa ita gaba ɗaya ya koma gefe ya miƙe ƙafa. Sha'aban ya ji kamar an ɗora masa dila a ƙirji.

Shi ya fara jin hadarin, kamar kullum. Iska ta sauya wari, ruwan ya yi duhu ta yamma, manyan jiragen kwantena da ke tsaye can nesa suka fara juya kawunansu. Ɗan Sarkawa in ya ga haka ba ya shiru, ko da maƙiyinsa ne a jirgin. Sha'aban ya yi shiru. Ya ce a ransa bari mu ga ko kwamfuta tana jin warin ruwa. Minti goma ya yi yana kallon tafin hannunsa, kuma minti goman nan su ne lokacin da ya kamata a rage zane cikin kwanciyar hankali.

Da tsohon ya ɗaga kai ya gani, iska ta riga ta iso. Jirgin ya kwanta gefe, ruwa ya hau bene. Suka ja igiyar rage zanen gaba daga inda suke, ta cije, ta maƙale a can gindin jigo. Dole wani ya je goshi.

"A-Sha!" in ji tsohon, ya nuna gaba.

Aikin Sha'aban ne, ya yi shi ya fi sau talatin. Ya miƙe, ƙafafunsa suka ƙi tafiya. Da can in zai je, hannun da ke kan igiyar baya na Baba Liang ne. Yau hannun Mahamadou ne, kuma babu wanda ya san abin da hannun nan bai sani ba kamar Sha'aban. Magana ɗaya ta isa, da Hausa, tsohon ma ba zai ji ba: tamke ta baya, kada ka saki. Numfashi ɗaya gare shi a cikin wannan iska, sai ya kashe shi a wata maganar.

"Tashi ka ba ni sandar!"

Mahamadou ya dube shi, tabarau duk ruwa. "Laoban ne ya ba ni, yaya! Mi zan ce masa?"

"Na ce ka tashi!"

Suna cikin wannan, tsohon ya gaji da jira. Ya ɗauka tsoro ne ya kama A-Sha. Ya ɗaura igiyar tsaro a ƙugu ya rarrafa da gwiwoyin nan nasa da suka mutu, ya nufi goshi hankalinsa kwance, domin a saninsa mai tuƙin ya iya. Ya isa gindin jigo ya ɗago ke nan, iska ta biyu ta sauko, wadda ta fi ta farko. Jirgin ya ƙara kwanciya, Mahamadou ya yi abin da kowa zai yi, ya saki igiyar baya.

Hancin jirgin ya zame. Zanen gaba ya yi ƙara kamar an fasa taya, sandarsa ta sharo ta ɗauki tsohon a kafaɗa ta jefa shi waje. Igiyar ƙugunsa ce ta riƙe shi, rabin jikinsa cikin ruwa, kansa yana bugun gefen jirgi.

Sha'aban bai san lokacin da ya faɗa kan igiyar baya ba. Ya ja, ta zame, ta ɗauke masa fatar tafin hannu, ya sake ja yana kiran sunan Allah har ta tamke. Jirgin ya ɗago a hankali, ya juyo da hanci cikin iska, ya lafa. Ya danƙa igiyar a hannun Mahamadou, yana ihu a kunnensa.

"Wannan ce ran jirgin! Ka riƙe ta a tamke, ko sama za ta faɗo kada ka saki!"

Ga shi ya faɗa, bai kai numfashi biyu ba, sai dai an riga an yi ɓarnar. Ya rarrafa gaba, ya kamo tsohon ta wuyan riga ya jawo shi bene, ya kwance igiyar da ta cije, ya rage zanen da hannu mai jini. Hadarin ya yi minti ashirin yana dukansu, jirgin yana zaune daram yana hawa yana sauka, jigunan suna lanƙwasa suna miƙewa, ko tsagewa ba su yi ba. Jirgin ya fita kunyar mai shi. Da iska ta faɗi suka tayar da inji suka koma, tsohon a kwance kan cinyar Sha'aban, yana numfashi da ƙyar.

Kafaɗa ta karye, da haƙarƙari uku. Rana ta uku da la'asar aka bar su suka shiga wurinsa a asibiti. An naɗe masa hannun dama a ƙirji, ya ƙanƙance a kan gadon. Sha'aban ya tsaya kusa da kansa ta hagu, Mahamadou ya tsaya baya, wajen ƙafa. Tsohon ya yi wa Mahamadou wata gajeriyar tambaya. Mahamadou ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji, ya amsa. Tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya laluba ƙarƙashin matashi da hannun hagu, ya zaro jan zaren nan ya sa a hannun Sha'aban da ke naɗe da bandeji.

Ga makulli. Abin da ya hana shi barci wata biyu, ga shi a tafinsa. Ya juya ya dubi Mahamadou.

"Me ya tambaye ka?"

"Ya ce ko ba ka koya mani igiyar baya ba."

"Ka ce me?"

"Na ce ka koya mani, tsoro ne ya sa na mance."

"Na koya maka?"

Mahamadou ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Kai ne babba, yaya. Ba a kunyata babba gaban bare."

Wani zai zaci a nan zuciyar Sha'aban ta yi sanyi. Ina! A nan ne kishin ya kai maƙura. Wannan mutum ya fi shi Sinanci, ya fi shi takarda, ya ƙwace masa dariyar tsoho, yanzu kuma har a halin kirki ya sha gabansa, ya miƙo masa jirgi kamar sadaka. Zai hau jirgin nan duk Asabar yana sanin cewa Dokta ne ya bar masa. Ya ji ya tsani mutumin, ya ji kuma kunya tana cin sa har tafin ƙafa, ya rasa wanne ya fi zafi.

"Gaya masa gaskiya," in ji shi.

"Ban iyawa."

"Fassara kawai za ka yi. Ni zan faɗa."

"Wallahi yaya ban iyawa. Bakina ba ya ɗaukar wannan."

Sai Sha'aban ya juya ga tsohon da abin da yake da shi. Ya nuna ƙirjinsa. Ya nuna Mahamadou. Ya yi alamar jan igiya. Sannan ya faɗi kalmar da yake ji sau ɗari a rana a kasuwa, wadda 'yan shago ke faɗa in abu babu shi.

"Meiyo, laoban. Ni... meiyo."

Ya maimaita har sau uku. Ba sai an fassara ba. Shekara shida tsohon yana karanta fuskar nan a cikin iska da ruwa, ya gane tun a ta farko. Ya daɗe yana kallonsa, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Can ya buɗe tafin hannunsa. Sha'aban ya mayar masa da makullin.

Tsohon ya yunƙura zai miƙa hannu wajen ƙafar gado, haƙarƙarin ya hana shi, ya cije leɓe ya koma. Sai ya sake sa makullin a hannun Sha'aban. Zuciyar Sha'aban ta raya masa an yafe, an mayar masa. Tsohon ya nuna Mahamadou da haɓa.

Taki uku ne tsakaninsu. Sha'aban ya taka su da ƙafarsa, ya miƙa. Mahamadou ya mayar da hannuwansa baya yana girgiza kai.

"Karɓi," in ji Sha'aban, a hankali. "Don Allah kada ka ƙara mini."

Ya karɓa.

Ba a yi tafiyar Wanshan ba. 'Yar Baba Liang ta zo ta ɗauke shi tun kafin a kwance masa hannu, kuma in ya kira waya Mahamadou yake kira. Wani lokaci a ƙarshen hirar yakan tambayi A-Sha, wani lokaci ba ya tambaya, Sha'aban yana ƙirga duka biyun.

Har yanzu yana Sanyuanli a sunkuye kan dila, kuma har yanzu ba a ganinsa ranar Asabar. Kishin bai tafi ba, kada wani ya yi masa ƙarya. Duk sanda ya ga jan zaren nan yana leƙowa daga aljihun Mahamadou sai ya kawar da kai. Amma jirgin na mutum biyu ne, kuma in hadari ya taso shi ne mai rarrafawa goshi, inda ruwa ke fara duka, ransa a hannun mutumin da ya fi kowa ba shi haushi a Guangzhou. Bai taɓa waiwayowa ya duba ko an tamke igiyar ba.